Miyar nama da dankali mai cuku: abin da ya kamata a saya da abin da ya kamata a bari

Miyar nama da dankali mai cuku abincin gida ne na Amurka, musamman jihohin tsakiyar ƙasar masu tsananin sanyi irin su Wisconsin, jihar da ita kaɗai take samar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cukun da ake yi a Amurka. A can, lokacin hunturu aka fi girka ta, a zuba a kwano a sha da cokali ana haɗawa da burodi, kuma kaurinta yana tsakanin na farfesu da na fate. Kayan haɗinta ba su da yawa: naman shanu, dankalin turawa, albasa, karas, romo, madara, 'yar fulawa da man shanu, sai cuku wanda shi ne yake ba ta launi da santsi. Sai dai yawancin bayanan girkin da ke yawo an rubuta su ne don mai sayayya a kantunan Amurka, inda ake ɗauko niƙaƙƙen nama an rubuta yawan kitsensa a jikin leda, dankali kuma kowane iri da sunansa a manne. Wanda zai girka ta a Kano ko Jos ko Maraɗi, da idonsa da hannunsa zai yi zaɓi, kuma a wurin zaɓin nan ne ake samun miyar ko a rasa ta tun ba a ɗora tukunya ba. Abin da nake so mai saye ya riƙe shi ne, a wannan girkin tsada ba ta nuna dacewa, domin sau da yawa cukun da ya fi araha ya fi mai tsada aiki a tukunya, haka nan yankan naman da masu saye suke wucewa su bari ya fi tsokar da ake rububinta.

Da cuku ya kamata a fara, saboda shi ne ya fi cin kuɗi, kuma shi ne ya fi saurin ɓata miya. Cuku furotin ne na madara da ya daskare ya riƙe kitse da ruwa a cikinsa, sinadarin kalsiyam yana ɗaure da shi. Idan ya ji zafi daidai gwargwado sai ya saki ya narke, amma idan zafin ya wuce kima, furotin ɗin yakan takure ya matso kitsen waje, sai a ga mai ya taso saman miya, ƙasan tukunya kuma gudaji-gudaji masu danƙo waɗanda juyi ba ya narkar da su. Saboda haka, kafin a duba farashi, abin tambaya a kan kowane cuku shi ne ko zai narke ya shige cikin romo, ko kuwa zai tsinke.

Cukun da sunansa ya fi fitowa a wannan girki shi ne cheda, wanda asalinsa wani ƙauye ne mai suna Cheddar a yankin Somerset na Ingila, ko da yake yanzu ana yin sa a ƙasashe da dama. Shi ne mai ɗanɗanon da ake nema, kuma ana sayar da shi gwargwadon daɗewar da ya yi a ajiye. Wanda ya yi wata biyu zuwa uku yana da laushi da ruwa a jikinsa, ɗanɗanonsa bai yi ƙarfi ba, kuma a jikin ledarsa akan rubuta "mild". Wanda ya yi wata tara zuwa shekara ko fiye, mai ɗauke da rubutun "mature" ko "sharp", ya fi kaifin ɗanɗano, ya kuma fi tsada, amma ruwansa ya ragu, furotin ɗinsa ya kakkarye, shi ya sa ya fi saurin sakin mai idan aka zuba shi a miya mai zafi. Mai saye da ya miƙa hannu ga mafi tsada yana zaton ya kyauta wa iyalinsa, alhali ya ɗauko wanda ya fi wuyar sarrafawa ne. Tsufan cheda abin yabo ne idan za a ci shi da burodi. A tukunya kuwa sabo ko matsakaici ya fi. Launi ma kada ya ruɗi kowa, domin jan-jan da ake gani a jikin wani cheda daga 'ya'yan wata bishiya mai suna anato ake samo shi a rina cukun, kuma fari da mai launin duk abu ɗaya ne a baki.

Na biyu shi ne sarrafaffen cuku, wanda mutane da yawa suke rainawa. A shekarar 1911 wasu mutum biyu a Suwizalan, Walter Gerber da Fritz Stettler, suka gano cewa idan aka narkar da cuku da wani gishiri mai suna sodiyam sitiret, yakan zama mai santsi kuma ya daɗe bai lalace ba. A 1916 James Kraft ya yi rajistar tasa dabarar a Amurka. Velveeta, wani sarrafaffen cuku da matan Amurka da dama suke zubawa a wannan miyar, an ƙirƙiro shi a 1918 a garin Monroe na jihar New York, kamfanin Kraft ya saye shi a 1927. A kantunanmu ba kasafai ake ganin Velveeta ba, amma danginsa suna nan: cukun nan mai kusurwa uku da ake naɗewa da takardar alminiyam a jera a kwali mai zagaye, irin La Vache qui rit da aka fara yi a Faransa a 1921, da falle-fallen cukun da ake sa wa burodi. Amfaninsu a miya yana cikin gishirin nan na narkarwa, wanda yake janye kalsiyam daga jikin furotin, ya bar furotin ɗin ya rungumi kitse da ruwa a lokaci guda. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, wannan gishiri ba cukun da ya zo da shi kaɗai yake yi wa aiki ba. Idan aka fara narkar da sarrafaffen cuku a cikin miya, chedan da za a zuba bayansa ma yakan narke lafiya lau ba tare da ya tsinke ba. Aibinsa biyu ne: ɗanɗanonsa ba shi da zurfi, kuma gishirinsa yana da yawa.

Don haka shawarata ita ce kada a zaɓi ɗaya a bar ɗaya. Tukunyar mutum shida tana buƙatar cuku kimanin giram 300, kuma rabi sarrafaffe rabi cheda shi ne haɗin da na fi gamsuwa da shi. Idan aljihu bai ba da dama ba, giram 200 na sarrafaffe da giram 100 na cheda ya wadatar, kuma miyar ba za ta ji kunya a gaban baƙo ba. Wanda ya ce lallai cheda zalla yake so, to ya tanadi fulawa da man shanu sosai, ya kuma tabbata ya sauke tukunya daga wuta kafin ya zuba.

Akwai waɗansu nau'o'in da mai saye zai ci karo da su. Mozarela shi ya fi yawa a firjin kantuna saboda masu yin fiza da shawarma, kuma ganin yadda yake narkewa ya sa wasu suke zaton zai dace. Bai dace ba, domin narkewarsa ta zare ce: yakan naɗe a jikin ludayi ya yi ta miƙewa, ba ya gauraya da romo, ɗanɗanonsa kuma bai kai ya fito a cikin nama da albasa ba. Gauda da edam na ƙasar Holan suna narkewa da kyau idan ba su tsufa ba, kuma za su iya maye gurbin cheda ba tare da an yi asara ba. Emental, wanda ya fi yawa a kantunan ƙasashe masu amfani da Faransanci, yana da daɗi amma shi ma yana ɗan yin zare, don haka a haɗa shi da sarrafaffe. Famesan na Italiya kuwa, wanda ba a fitar da na ainihinsa sai ya yi aƙalla wata 12, busasshe ne ƙwarai, kuma iyakar aikinsa a barbaɗa kaɗan a saman kwano.

Tambayar da ta fi dacewa da mu ita ce ko cukunmu na gida zai yi. Ina ƙaunar cukun Nijar, falle-fallen nan da matan Buzaye da Fulani suke shanyawa a rana, amma shanyar da ta sa yake daɗewa ita ce ta raba shi da ruwan da zai sa ya narke. Haka nan wagashi, wanda Fulanin Gana da Benin suke yi, Yarbawa kuma suke kira wara, da ruwan tumfafiya ake daskarar da madararsa a kan wuta, kuma cukun da aka yi ta wannan hanya ko an tafasa shi yana nan da siffarsa. Wannan ba aibi ba ne, aikinsa ne daban. Idan aka yanka wagashi ƙanana aka soya har ya yi ja, aka watsa a saman miyar lokacin zubawa, yana ƙara mata abin taunawa mai daɗi, amma ba zai ba ta kauri ko santsi ba. Awara kuwa daga waken soya take, ba ta cikin wannan lissafi.

Sauran abin da ya rage a kan cuku karatun leda ne, kuma bai kamata a yi kasala a kansa ba. Dunƙulallen cuku ya fi gurzajje, saboda gurzajjen ana barbaɗa masa sitaci ko wani gari don kada ya manne da juna, garin nan kuma yakan sa miya ta yi tsaki-tsaki. Gurza giram 150 a gida ba ya cin minti biyar. A duba jerin kayan haɗi, domin akwai abin da ake sayarwa da siffar cuku alhali an cire kitsen madara an sa man ganye a madadinsa, kuma irin wannan ba ya ba da ɗanɗanon da aka biya kuɗi dominsa. A duba ranar ƙarewar aiki, a Nijeriya kuma a duba lambar NAFDAC. Musulmi mai saye yana da ƙarin abin dubawa, wato sinadarin da aka daskarar da madarar da shi. A al'adance daga cikin ɗan maraƙi ake samo shi, kuma famesan na ainihi har yau da shi ake yi, amma tun 1990 masana'antu da yawa suka koma ga wanda ake samarwa ta hanyar ƙananan halittu ba tare da yanka dabba ba. Ledar da ke ɗauke da tambarin halal, ko bayanin cewa cukun ya dace da marasa cin nama, ta ɗauke wa mutum wannan shakka. Na ƙarshe shi ne sanyi. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, cheda yakan yi gumi ya sake daskarewa a firjin kanti. Idan aka ga mai ya taru a kusurwar leda, ko ledar ta kumbura, ko gefen cukun ya bushe ya tsage, a mayar da shi. A nan ma mai kusurwa uku ya yi zarra, domin an yi shi ne yadda zai jure zama ba firji muddin ba a buɗe shi ba kuma ba a bar shi a rana ba.

Nama shi ne na biyu wajen cin kuɗi, kuma a nan bambancin shanunmu da na Amurka yana da tasiri. Shanunsu akan turke su a ciyar da su masara, a yanka su kafin su cika shekara biyu, don haka namansu yana da laushi da kitse a tsakanin tsoka. Namu kuwa, Bunaji ne ko Rahaji ko Gudali ko Azawak, suna tafiya mai nisa wajen kiwo kuma sukan manyanta kafin su isa kwata, shi ya sa namansu ya fi ɗanɗano amma ya fi tauri da ƙarancin kitse. Bayanin girkin da ya ce a soya nama minti bakwai a zuba dankali bai san saniyar da ta taka daga daji zuwa kasuwar Wudil ko Maigatari ba.

Zaɓi biyu ne a gaban mai saye: niƙaƙƙen nama ko yankakke. Niƙaƙƙe shi ne na asalin girkin, yana dahuwa da wuri, yana kuma shiga kowane cokali. Amurkawa sun fi son wanda kashi 80 cikin 100 tsoka ne, kashi 20 kitse, kuma ana iya samun wannan a wurin mahauci idan aka ce ya haɗa tsokar wuya ko kafaɗa kashi huɗu da tozo kashi ɗaya. Tsokar cinya zalla, wadda ita ce mafi tsada kuma mafi farin jini, idan aka niƙa ta sai ta bushe ta yi gardi-gardi a miya. Abin da nake jaddadawa shi ne kada a sayi naman da aka tarar an riga an niƙa an ajiye a faranti. Niƙa yakan kwashi ƙwayoyin cutar da ke saman nama ya shigar da su ko'ina cikinsa, shi ya sa ake so niƙaƙƙen nama ya dahu har cikinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyas, ba sauran ja. A zaɓi naman da ido, a sa a niƙa a gaban mai shi da injin da aka ga tsabtarsa, ko a kai gida a daddatsa da wuƙa, a kuma girka a ranar.

Yankakken nama ya fi cin lokaci da makamashi, amma ni shi na fi so da naman shanunmu. Ƙwauri da wuya da ƙirji, waɗanda jijiya ta ratsa su, su ne suka fi dacewa, domin jijiyar nan idan ta daɗe a wuta mai sauƙi takan narke ta koma danƙon da ke sa romo ya kama leɓe. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu suke buƙata a tukunyar da aka saba, ko kimanin minti 35 zuwa 40 a tukunya mai dafawa da matsin tururi. A ce wa mahauci ya yanka ƙanana, yadda biyu za su hau cokali ɗaya. Idan kuma an san mahaucin da ke yanka turkakken sa, namansa ya fi laushi, kuma ya cancanci ɗan ƙarin kuɗin. Rabin kilo ya ishi mutum shida, saboda dankali da cuku suna da nauyi a ciki. Naman gwangwani ba ya cikin zaɓin da zan ba kowa shawara a kai, domin ya cika gishiri kuma yakan dagargaje ya ɓace.

Da safe ya fi kyau a je wurin mahauci, kafin rana ta buɗe. Nama mai kyau idan aka danna shi da yatsa yakan dawo, samansa ba ya yauƙi, ba ya zubar da ruwa a kan tebur, kuma hanci ba ya ƙin sa. Kitse mai ɗan rawaya ba alamar cuta ba ce, launin ciyawar da saniyar ta ci ne. Kafin a bar wurin, a nemi ƙashin ɓargo da na gwiwa, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Romon da aka dafa da su awa biyu zuwa uku da albasa shi ne ginshiƙin miyar, kuma ana bukatar kimanin lita ɗaya. Wanda ya dogara da ruwa da dunƙule zai gamu da matsalar gishiri, saboda dunƙule da sarrafaffen cuku da cheda kowanne da nasa gishirin, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini. Idan akwai romo na ƙwarai, dunƙule ɗaya ya isa, kuma kada a ƙara gishiri sai bayan cuku ya narke an ɗanɗana.

Dankalin turawa asalinsa tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, kuma har yau yanayi mai sanyi yake so, shi ya sa mafi yawan na Nijeriya daga jihar Filato yake fitowa, daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, kuma a Kuru kusa da Jos akwai tashar binciken da ke kula da shi. A Nijar kuwa an san Bonkuku da lambunan Tabelot na tsaunukan Abzin da nomansa. Iri biyu ne a wajen girki. Akwai mai gari, wanda sitacinsa yake da yawa, yakan fashe idan ya dahu ya ba miya kauri, irin raset ɗin da Amurkawa suke amfani da shi. Akwai kuma mai ƙarfin jiki, wanda yake dahuwa ya tsaya da siffarsa, irin Nicola da aka daɗe ana nomawa a Filato. Wannan miyar tana son duka biyun, wani ya narke wani ya tsaya, amma a kasuwar 'Yankaba ta Kano ko ta Farin Gada a Jos ba kowane mai sayarwa ne zai iya faɗin sunan irin da ke gabansa ba. Akwai gwaji mai sauƙi a gida: a narkar da kofi ɗaya na gishiri a kofi 11 na ruwa a jefa dankalin, mai gari zai nitse, mai ƙarfin jiki zai taso. Idan duk wanda aka samu mai ƙarfin jiki ne, ba asara ba ce. A tsame kashi ɗaya cikin uku bayan ya dahu, a murƙushe a mayar, kaurin zai samu.

Abin da ya fi iri muhimmanci shi ne lafiyar dankalin. Wanda fatarsa ta yi kore ya sha haske ne, kuma tare da koren nan akwai guba mai suna solanin wadda dahuwa ba ta kashewa. Idan ɗan tabo ne a yanke shi da zurfi, idan ya mamaye a zubar. Wanda ya yi tsiro ya yamushe ya riga ya tsufa, wanda kuma yake da tabo mai laushi da wari zai ruɓar da na kusa da shi. Sabon dankalin tsakiyar damina, wanda fatarsa take saluɓewa idan aka murza da yatsa, yana da araha da daɗi, amma ruwansa ya fi yawa kuma ba ya ajiyuwa, don haka a sayi na girkin ranar kaɗai. A sa mai sayarwa ya juye kwandon a gani, domin manyan da ke sama ba koyaushe suke wakiltar na ƙasa ba. Matsakaita masu sumul sun fi riba, saboda ba a asarar da yawa wajen fera. Giram 800 zuwa kilo ɗaya ya isa. A gida a ajiye shi a wuri mai duhu da iska, nesa da albasa, kuma ba a firji ba, domin sanyi yakan juya sitacinsa ya koma sukari. Dankalin Hausa kuwa zaƙinsa ba ya jituwa da cuku, a bar shi ga nasa girkin.

Wajen madara, ta gwangwani marar sukari ita ce zaɓina na farko. An riga an ƙafar da kusan kashi 60 cikin 100 na ruwanta a masana'anta, kuma ta fi ɗanyar madara jure zafi, don haka ba ta saurin tsinkewa. Ƙananan gwangwani biyu da ɗan ruwa sun wadatar. A kula kada a ɗauko mai kauri mai sukari, wadda gwangwaninta ya yi kama da ita. Madarar gari mai cikakken kitse ma tana yi idan aka dama ta da kauri, haka nan madarar shanu sabuwar tatsa idan an tafasa ta tukuna. Nono da kindirmo suna da tsami, kuma tsami da tafasa su ne suke tsinka madara, amma cokali biyu na kindirmo bayan an sauke tukunya yana yin aikin kirim mai tsamin da Amurkawa suke ƙarawa a ƙarshe, yana kuma rage ginsar cukun. Don kauri ana bukatar cokali uku na man shanu da cokali uku zuwa huɗu na fulawa, a soya su tare minti biyu har warin ɗanyar fulawa ya fita. Man shanun Fulani ya fi majarin ɗanɗano nesa ba kusa ba, sai dai a soya shi da albasa tukuna idan ɗanye ne.

Kayan lambun ba su da wahalar zaɓi: albasa babba ɗaya mai busasshen wuya, ta Galmi ce ko ta Aliero, karas biyu masu ƙarfi, tafarnuwa, da seleri idan an samu. Attarugu ɗaya da masoro suna gyara ta ga harshenmu ba tare da sun danne cukun ba. Tumatir ne nake ba da shawarar a bari, saboda tsaminsa. Ya kamata kuma a sani cewa a Amurka sau da yawa ana barbaɗa wa wannan miyar soyayyen naman alade, wata 'yar'uwarta ta Wisconsin ma har giya ake zuba mata, don haka wanda ya ga garin miyar cuku na fakiti da aka shigo da shi daga waje ya karanta kayan haɗinsa da kyau, in ma ba ya bar shi gaba ɗaya ba. Ɗan naman da aka ware aka soya har ya yi ƙayau yana cike wannan gurbi.

Tukunya mai kaurin gindi ake bukata, ko da irin ta dalma ce da maƙeranmu suke zubawa, domin sirirriyar tukunya takan kama da zarar madara da fulawa sun shiga, kuma ƙaurin madara ba ya fita daga miya. Mai girki da gawayi ya tanadi wurin da zai sauke tukunyar, saboda cuku ba ya shiga sai tafasa ta tsaya, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana juyawa, sarrafaffe da farko sannan cheda. A kuma auna sayayyar da yawan masu ci, domin wannan miyar ba ta son firiza: dankalin yakan yi ruwa-ruwa, madarar ta rabu idan aka narkar. A firji mai tsayayyen sanyi takan yi kwana biyu zuwa uku, inda babu firji kuwa a cinye ta a zama ɗaya, kuma idan za a ɗumama a yi a wuta kaɗan, a ƙara 'yar madara, kada a bari ta sake tafasa.